Awon Ƙafar Mota a Kakuri

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, da aka ce kowa ya kawo abin da ya gani a hutu domin a sa a wannan mujalla, sai muka ga abokanmu kowa ya ɗauko babban abu, wani tarihin garinsu, wani bikin naɗin sarauta. Mu kuwa abin da muka zo da shi taya ce, tayar mota. Kada mai karatu ya yi saurin juya shafi. Tayar nan ta hana mutanen gidanmu barci har mako uku, ta kusa shiga tsakanin uba da ɗansa, ta kuma nuna mana iyakar lissafin da mu ke taƙama da shi, mu da a ke shirin danƙa wa alli mu koya wa 'ya'yan mutane.

Wanda ya san Kaduna ya san kogi ya raba ta biyu. In ka ƙetare gada ka yi kudu, ka bar gidan gwamnati da manyan ofisoshi a bayanka, ka shiga ƙasar ma'aikata ke nan: Kakuri, Makera, Nasarawa, Tirkaniya, Kudenda, ga Barnawa, can gaba kuma Sabon Tasha. Tun farko jirgin ƙasa ne ya raya wannan gefe, gama a nan tashar mahaɗa ta ke, inda hanyar da ta taso daga Ikko ta gamu da wadda ta taso daga Fatakwal. Sa'an nan masaƙu suka zo. Ta farko an buɗe ta a Kakuri cikin 1957, waɗansu suka biyo baya, har a 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, yana saurayi ya baro ƙauye ya shiga ɗaya daga cikin masaƙun nan, ya yi shekara da shekaru a tsaye gaban injin saƙa. Da masaƙu suka yi ta rufewa bayan shekara ta 2000, sai ya koma tuƙin tifa, yana ɗebo wa wani mai hali yashi daga bakin kogi. Shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa motar wani.

A farkon 2024 mahaifinmu ya sayar da shanu huɗu da wata gona, Baffa ya haɗa da abin da ya tara, suka sayi tsohuwar tifa ta hannu, irin wadda dukan ƙafafunta ke ja, aksul ɗaya a gaba, biyu a baya. Aka yi sharaɗi, cikin abin da motar ta samo za a riƙa biyan kuɗin makarantar ƙannenmu, da namu na shekarar ƙarshe. Mai karatu ya ga ashe ba 'yan kallo ba ne mu cikin wannan magana.

Inji dai lafiya lau. Amma tayoyi, sai wanda ya gani. Guda goma ne, babu uku da suka yi kama da juna, biyu sun suɗe har waya ta leƙo, ɗaya kuma gefenta ya tsattsage kamar faso. Abin da ya rage na kuɗi kuwa na saye ɗaya ne, in an yi kuskure babu gyara. Tun da darajar naira ta faɗi daga watan Yuni na 2023 duk abin da a ke kawowa daga waje ya yi tsada, taya kuwa daga waje ta ke zuwa. Abin da ban takaici, ga itacen roba yana fita a Edo da Delta da Kuros Riba, amma kamfanin Michelin ya rufe ma'aikatarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008. Mu bar wannan, ba shi muka zo faɗi ba.

Aikin da a ke so motar ta yi iri uku ne. Za ta gangara bakin kogi ta ɗebo yashi, inda ƙasa ke zurmawa. Za ta shiga ramin marmara, inda duwatsu ke da kaifi. Sa'an nan za ta bi hanyar Kachia, ta wuce matatar mai da Kujama, ta ratse cikin ƙauyuka ta kwaso buhunan masara da citta, ko da ya ke cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta rage wannan lodi ƙwarai. Ko'ina ta je kuwa, komowarta a kan kwalta ce da kaya niƙi-niƙi.

To, shawara ta rabu uku. Yayanmu, babban ɗan Baffa, wanda shi zai riƙa tuƙi, ya ce a sa mata manyan tayoyi irin na motocin soja, masu lamba 14.00R20, guda shida kacal, a yi watsi da tagwayen baya. Kullum yana ganinsu suna wucewa ta Kakuri, inda ma'aikatar ƙera makamai ta ke tun 1964, ransa ya biya. Mai sayar da taya ya ce zamani ya wuce wurin nan, a canja wili duka, watau ƙarfen da taya ke zama a kansa, a koma tubles, marar tub, mai lamba 315/80R22.5, irin ta tireloli. Baffa bai ce i ba, bai ce a'a ba, sai ya ce mu je wurin mai faci.

Mai facin nan dattijo ne, yana zaune ƙarƙashin wata dalbejiya a bakin hanya, da injin iskarsa da bahon ruwansa baƙi ƙirin. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ce da 12.00R20 aka yi ta, a bar ta da abin da aka haife ta da shi.

Mu da muka yi allo muka yi boko mun ɗauka babu rubutun da zai gagare mu. Ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a gefen kowace taya, amma sai da dattijon nan, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya biya mana shi kamar yadda a ke biya wa ƙolo. Lambar farko, 12.00, faɗin taya ne, inci 12 ko kusa da haka. Ta ƙarshe, 20, faɗin bakin wili ne daga gefe zuwa gefe. Harafin R na tsakiya yana faɗin yadda aka jera zaren ciki. A tsohuwar taya zare a gicciye ya ke, shimfiɗa bisa shimfiɗa kamar saƙar tabarma. A mai R kuwa zaren ya tashi daga wannan baki ya miƙe kai tsaye zuwa wancan, sa'an nan aka yi masa ɗamara ta waya ƙarƙashin haƙora, saboda haka gefenta yana da laushi, tafinta yana kwanciya sosai, ba ta kuma saurin ɗaukar zafi. Daga baya muka gani a littafi, kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar wannan dabara a 1946, shekara 58 bayan da John Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya ɗaura wa keken ɗansa taya mai iska a 1888.

Lambar mai shago ta fi wuya, gama an cakuɗa awo biyu a cikinta. 315 faɗi ne, amma da milimita. 80 na nufin tsawon gefe kashi 80 cikin 100 ne na faɗin, watau milimita 252. Wili kuma inci 22.5 ne, watau milimita 571 da rabi. In ka tara wili da gefe biyu, na sama da na ƙasa, za ka sami tsayin taya duka, kimanin santimita 107 da rabi. Nan dai muka yi wa dattijo fintinkau, ya kuwa yaba.

Sai muka zo kan wata alama, 18PR. Dattijo ya ce ƙarfin taya ke nan, a na ce da shi fulai goma sha takwas. Muka tambaya, in aka yanka ta za a ga shimfiɗa goma sha takwas? Ya ɗauko wani yanki ya miƙo mana. Shimfiɗa ɗaya ce ta waya, da 'yan ɗamaru a samanta. Ashe a zamanin da da zaren auduga a ke yin jikin taya, a na jera ƙyalle bisa ƙyalle, yawan shimfiɗa shi ne ƙarfi. Da aka koma zaren nailan, daga baya waya, sai aka riƙe tsohon ƙidaya, ma'ana taya ce mai ƙarfin shimfiɗar auduga goma sha takwas. Baffa ya karɓi yankin nan ya daɗe yana juya shi, yana bin zaren da farcensa. Ya ce, "Ashe ban bar saƙa ba, a kanta na ke tafiya." Ranar nan ne kaɗai muka ga ya yi dariya cikin makon ukun nan.

Saura alama biyu. Ɗaya lambobi huɗu ne cikin ɗan da'ira, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. A jikin mai fason nan muka karanta 1412, watau mako na 14 na 2012, shekararta goma sha biyu ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan wannan, gama roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ɗayar kuma lambar nauyi ce, za mu zo kanta.

Daga nan muka ce yanzu aiki ya zo hannun malamai. Muka ari tef ɗin awo wurin tela, muka tafi shago, muka auna. Tsayin 12.00R20 santimita 112, na 14.00R20 santimita 125. Yaya ya ce ka gani, santimita 13 mota za ta ƙara tashi daga ƙasa. Muka ce a'a, Yaya, rabi ne, gama aksul a tsakiyar taya ya ke, abin da ya ƙaru a sama ba ya ɗaga kome. Santimita shida da rabi ke nan, faɗin yatsu huɗu. Muka ɗaga masa yatsu huɗu muna murmushi. Mai karatu ya riƙe yatsun nan, za su komo.

Muka ci gaba. Kowane ɗan aji biyar ya san in ka riɓa tsayin da'ira da 22 ka raba da 7 ka sami kewayenta. Ƙaramar ta ba mu santimita 352, babbar 393. Watau kowane juyi ɗaya babbar za ta fi cin ƙasa da santimita 41, kusan kashi 12 cikin 100. Da jin haka sai ka ce riba ce, amma inji bai ƙaru ba, giya ba ta canja ba. Abin da aka samu na nisa an biya shi da ƙarfin ja, wanda zai ragu da wajen kashi 10 cikin 100, kamar mai keke da ya sa babbar giya ga shi zai hau tudu. Motar da za ta taso daga bakin kogi da jiƙaƙƙen yashi ta hau gangare, ƙarfin nan shi ne ranta. Birki ma haka, aikin da ya ke yi zai ƙaru, kama shi kuwa zai ragu. Maleji kuma zai koma maƙaryaci, yana nuna 60 alhali a na gudun 67. Ga shi mota ta ƙara tsayi, da kaya a sama, a hanyar da ke da karkata.

Sai lambar nauyi. A jikin ƙaramar an rubuta 154/149. Akwai jadawalin da masu yin taya suka yi ittifaƙi a kansa: 154 na nufin kilo 3,750 in tana ita kaɗai, 149 kuma kilo 3,250 in tana cikin tagwaye. A jikin babbar an rubuta 164, watau kilo 5,000. Lalle babbar ta fi ƙarfi ɗaya da ɗaya. Amma a baya ƙananan takwas ne, manyan huɗu. Takwas sau 3,250 ya ba da tan 26, huɗu sau 5,000 ya ba da tan 20. Ba mu ce a ɗora wa mota tan 26 ba, gama nauyin jikinta na ciki, aksul da sifirin da doka kuma kowa da iyakarsa. Amma rata ta tan shida ba abin rainawa ba ce ga mai sayar da yashi, wanda jiƙaƙƙensa ke kusan tan biyu a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Direban tifa kuwa, mun san hali, ba ya ƙin ƙarin shebur.

Muka koma gindin dalbejiya da takardarmu, kai ya kumbura. Dattijo ya saurara har muka gama. Ana cikin haka sai ga wata tifa ta tsaya shan iska, cike da yashi, da sababbin 12.00R20. Ya ce, "Malam, ara mini allinka." Ya yi zane a gefen taya, ya yi a ƙasa, ya sa direba ya gusa sannu har zanen ya komo ƙasa, ya sake yin wani. Ya ce mu auna. Muka auna, muka sami 342. Muka sake, 342. Santimita goma sun ɓace, mun rasa inda suka shiga. Muka fara zargin tef ɗin tela. Dattijo ya ce, "Taya ba faranti ba ce, ɗana. In an ɗora mata kaya durƙusawa ta ke yi." Yaransa suka yi ta dariya. Gaskiyarsa kuwa, 22 bisa 7 bai yi ƙarya ba, mu ne muka auna da'irar da ke jingine a shago muka manta wadda ke ƙarƙashin kaya ba da'ira ba ce sosai.

Wannan durƙuso shi ne asirin tafiya a ƙasa mai laushi, kuma a nan ne maganar Yaya ta yi ƙarfi. Dattijo ya jiƙa tafin wata taya, aka sauke ta a kan siminti aka ɗaga, muka ga sawunta. Ya sace mata iska wajen rabi, aka sake, sai sawun ya yi tsawo ƙwarai, ya kusa ninkawa. Nauyi bai canja ba, amma ya bazu. Shi ya sa raƙumi ke tafiya a rairayi inda jaki ke zurmawa, ko da ya ke raƙumi ya fi nauyi. Babbar taya tilo a na iya sace mata iska da yawa ta baje kamar tafin raƙumi, har waɗansu motocin soja direba daga mazauninsa ya ke ragewa ya ƙara. Tagwaye kuwa in ka sace musu da yawa sai cikinsu ya haɗu, su riƙa gugar juna har su yi zafi su fashe. Bayan haka, tilo ta baya tana bin sawun ta gaba, tana taka ƙasar da aka riga aka danne. Tagwaye sabuwar hanya su ke yanka wa kansu, laka ta cika tsakaninsu, dutse kuma ya kan maƙale a nan ya ci gefe biyu. Duk wannan dattijo ya faɗa da bakinsa a gaban Yaya, bai ɓoye ba.

Yaya ya ce, "To, Baba, me ya rage?"

Dattijo ya ce abin da ya rage shi ne ranar da ta fashe. Ya ce 12.00R20 ita ce ƙafar yawancin tifofin da ke garin nan, har da na Sin da suka cika hanya. Ko'ina ka tsaya, daga nan har Kachia, za ka sami sabuwa ko ta hannu, da tub ɗinta, da wanda ya iya cire ta. Babbar kuwa sai an aika Ikko, ko a yi ta yawo a Panteka a na addu'a. Kuɗin da aka faɗa mana na guda ɗaya ya kusa sayen ƙanana biyu. Ba ta kuma zama a wilin da ke jikin motar, mai faɗin inci takwas da rabi, sai an nemo mai inci goma, guda shida, waɗanda aka yi domin ta baya ta daidaita da sawun ta gaba. In an karya sitiyari duka za ta goga madigadi, sai an yanke. Ga nauyi, mutum biyu da ƙyar su ke tayar da ita.

Maganar tubles ba ta daɗe ba, ko da ya ke a ganinmu ba a yi mata adalci sosai ba. Ba ta zafi kamar mai tub, in ƙusa ta shige ta a hankali ta ke sacewa, wilinta kuma guntu ɗaya ne. Wilin inci 20 yana da zobe na ƙarfe da ke riƙe bakin taya, in bai zauna daidai ba aka ba ta iska ya kan fizge da ƙarfin da zai kashe mutum. Mun ga dattijo ba ya ba irin wannan iska sai ya ɗaure ta da sarƙa, ya kori yara, shi ma ya koma gefe. Da a kwalta kaɗai motar za ta yi aiki, da tubles muka zaɓa ba tare da gardama ba. Amma gefenta gajere ne, wili na kusa da dutse, in bakinsa ya lotsa iska ba ta zama, a daji kuma mayar da ita kan wili sai da injin iska mai ƙarfi. Ga sayen wili goma. Baffa ya ji wannan na ƙarshe ya ce a wuce.

Daren da za a yanke shawara muna zaune a tsakar gida bayan lisha. Muka sake karanta lissafinmu, tan shida, kashi goma, yatsu huɗu. Yaya ya bari muka gama, sa'an nan ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, in ta kafe a daji ni zan kwana a can, ba Malam mai alli ba." Kowa ya yi tsit. Duk wanda ya san abin da ya faru a ƙauyukan hanyar nan cikin 'yan shekarun nan na satar mutane ya san ba maganar sauro ya ke yi ba. Babu gurbin wannan a takardarmu. Muka naɗe ta muka sa aljihu. Innarmu, matar Baffa, ta tashi ta shige ɗaki.

Baffa ya daɗe bai yi magana ba. Can ya ce, "Na ji ka. Da kuɗina ne ni kaɗai, da na saya maka abin da ka ke so. Amma akwai shanun yayana a cikin motar nan. In ta zauna wata guda a kan dutse tana jiran taya, da wane ido zan dube shi?" Ya ce za a sayi 12.00R20 guda goma, iri ɗaya, masu manyan haƙora, gaba da baya, tun da duk ƙafafun ja su ke yi, in kuwa tsayinsu ya bambanta sai su riƙa jayayya da juna, giya ta sha wuya. Ya ce za a sayi dogon tiyo da za a riƙa jonawa da tankin iskar birki, domin a iya rage iska kaɗan a bakin fadama a mayar in an fita. Za a ɗauki katako biyu masu kauri, da shebur, da sarƙa. Kuma ba a shiga fadama bayan la'asar, ko nawa za a biya. Yaya ya ce to, amma kwana uku ba ya cin abinci tare da mu.

Ranar saye mun yi ɗan amfani. Muka bi tayoyin nan ɗaya ɗaya muna karanta shekara, muka sami biyu da suka girmi sauran da shekara uku, aka mayar, mai shago yana ta ƙunƙuni. Sa'an nan aka ce tagwaye kada tsayinsu ya bambanta fiye da milimita shida, in ba haka ba doguwar ce za ta ɗauki kaya ita kaɗai. Milimita shida wuyar gani gare su, amma a kewaye sun zama kusan santimita biyu. Saboda haka bayan an ba su iska muka zagaya kowace da igiya muka haɗa su biyu biyu. Dattijo ya ce wannan dabara ta yi. Kuɗi suka ƙare ƙaf, sai mai dama-dama cikin tsofaffin aka ajiye ta zama safaya.

Cikin watan Agusta, da ruwa ya kankama, muna hutu, muka bi Yaya a matsayin yaron mota. Aka yi cinikin kwaso tsohuwar masara daga wani ƙauye bayan Kujama. Da shiga lafiya. Da fitowa, da buhu cike, hadari ya riga ya zuba, muka iso wata fadama wajen azahar. Yaya ya sauka ya taka ta da ƙafa, ya rage iska kaɗan, ya sa giyar ƙarfi, ya shiga. Mun ci kashi biyu cikin uku sai mota ta yi nishi ta zauna. Laka ta cika tsakanin tagwaye, ta shafe haƙora, suka koma sumul kamar turmi, suna juyawa a banza.

Muka yi haƙa har hannu ya yi kanta. Mutanen ƙauyen, Allah ya saka musu, suka fito suka taya mu sauke rabin buhunan, a na kai su tudu a ka. Rana tana yin ƙasa, kowa na duban daji ba ya cewa kome. Da muka haƙe ƙarƙashi sai ga tulun aksul na tsakiya ya hau kan wani tudun ƙasa mai tauri, shi ya ɗage ƙafafun. Yaya ya kwanta cikin taɓo ya sa hannu ya auna abin da ya hau. Ya fito, bai ce uffan ba, ya ɗaga mana yatsu huɗu.

Ba mu fita ba sai bayan magariba, da katako da sarƙa da kururuwar mutane wajen ashirin. Mai unguwa ya hana mu tafiya, muka kwana a zaurensa. Da muka iso Kakuri da hantsi muka tarad da Inna a ƙofar gida, an ce tun asuba ta ke nan.

Cikin Oktoba kuma, muna makaranta, aka aiko mana da labari. Kututture ya farke gefen taya ɗaya ta baya kusa da Kufana, aka sa safaya, ita ma ba ta kai ko'ina ba ta sace. Yaya ya hau babur zuwa Kasuwan Magani, ya sami ta hannu mai kyau wurin wani mai faci, kafin la'asar mota tana kan kwalta. A makon nan kuwa wata motar ɗaukar itace mai manyan ƙafafu, irin waɗanda ya so, tana jingine a kan duwatsu a Makera, an ce ta kwana goma sha tara tana jiran taya. Baffa ya bi da shi ta wurin da gangan, bai ce masa kome ba shi ma. An biya kuɗin makarantarmu a ƙarshen watan nan.

Da aka tura mu gwajin koyarwa, ranar da muka zo darasin da'ira a aji biyar, muka bar allo muka fita da yara fili da keken wani malami. Suka auna tsayin ƙafar, suka yi lissafi, suka yi zane da alli, suka gungura. Ya fito daidai, ko kusa. Sa'an nan muka sace iska kaɗan, muka ɗora yaron da ya fi kowa jiki, aka sake. Awo ya ragu. Aji ya rikice, waɗansu suka ce tef ne, waɗansu suka ce Malam ya yi kuskure. Wata yarinya ta tsuguna ta daɗe tana duban inda taya ta taɓa ƙasa, sa'an nan ta ɗaga hannu.

Da muka je gida hutun ƙarshen shekara muka iske Yaya ya shiga adashi. Muka tambaye shi na aure ne? Ya ce a'a, na wili shida ne masu inci goma.